Tsaron kasuwannin iyaka: darasin da wani kansila ya bar mana a gundumar Madarunfa

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ya tsallaka Magama ya shiga Jibiya, ko kuwa mai cin kasuwannin ƙauye na gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, ya san lissafin fatauci ya canza a ƴan shekarun nan. A da, abin da mutum ke lissafawa kafin ya baro gida shi ne kuɗin mota, da na duwan, da yadda canjin naira da sefa ya kwana. Yanzu kuwa sai ya ƙara da tunanin ƙarfe nawa zai baro kasuwa, wace hanya zai bi, kuma wane ne ya gan shi lokacin da yake ƙirga kuɗin bisashen da ya sayar.

Mu ma'aikatan rediyon karkara mun fi kowa sanin wannan canji, domin a gabanmu ake kawo sanarwa. Shekarun baya yawancin sanarwar ta aure ce da suna da cigiyar akuya. Daga baya sai ga cigiyar garke sukutum, sai ga masu neman a taya su addu'a saboda an tafi da ɗan'uwansu daji. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin yadda wani kansila na ɗaya daga cikin kwamin-kwamin ɗin bakin iyaka ya riƙe maganar tsaro a lokacin da yake kan kujera. Ba za mu faɗi sunansa ko na garinsa ba, kuma duk wanda ke zaune a yankin nan ya san dalili: kunnuwan ɓarayi ba su da nisa.

Iyakar ikon kansila

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu tuna wa juna mene ne kansila a tsarin mulkin Nijar. A ranar 24 ga Yulin 2004 ne aka yi zaɓen da ya kafa majalisun kwamin 265 a faɗin ƙasar. An sake zaɓe a watan Janairun 2011, sannan aka yi na ranar 13 ga Disambar 2020, wanda shi ne ya kawo mutumin da muke magana a kansa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari nauyin kula da oda da tsabta da kwanciyar hankali a cikin kwamin, irin su tsarin kasuwa da tasha da mahauta da hanyoyin gari. Kafin a rusa majalisun a 2024, kansiloli su ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su kuma tsayar da harajin kasuwa. A lokacin sarakunan gargajiya na zama a majalisar su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a.

To sai dai kansila ba shi da soja ko ɗaya. Jandarmomi da ƴan sanda da gardi-sarki da sojoji duk na gwamnatin tsakiya ne, kuma maganar tsaro a yanki tana hannun gwamna da shugaban gunduma. Kansila ba shi da albashin wata, sai ɗan alawus na ranar zama. Saboda haka da yawa daga cikinsu idan aka kawo musu kukan tsaro sai su ɗaga hannu su ce wannan ya fi ƙarfinsu. Shi wannan bawan Allah, wanda asalinsa ɗan kasuwar hatsi ne, ya yarda cewa yaƙi da masu bindiga ya fi ƙarfinsa, amma ya ce akwai rabin aikin da ba a yin sa da bindiga, kuma wannan rabin yana cikin kasuwa.

Yadda wutar ta iso

Masu karatu za su tuna cewa a shekarar 2019 ne mutanen ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa kwararowa jihar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga. Hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum dubu 40 a wannan shekara, akasarinsu a gundumar Gidan Runji, daga bisani aka kwashe wasu zuwa ƙauyukan da ke nesa da iyaka kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A watan Satumbar shekarar ne gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maraɗi suka zauna da gwamnan jihar a kan wannan matsala. Sojojin Nijar kuma suka ɗaura rundunar da aka raɗa wa suna Farautar Bushiya domin tsaron yankin.

Amma iyakar da ke tsakanin Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a wajenmu gona ce ke haɗe da gona. Dajin Baban Rafi yana nan a gundumar Madarunfa, yana kallon dazuzzukan wancan gefe. Mai babur da ya san hanyar daji yana iya shigowa bayan sallar isha ya koma kafin asuba. Ba ƙarfin bindiga kaɗai ke kawo shi ƙofar gidan mutum ba. Sai an faɗa masa wane ne ya sayar da bijimai ranar kasuwa, wane ne ya dawo daga Kano da kaya, wane ɗaki maigida ke kwana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan wannan tsagar ce kansilan ya tsayar da aikinsa.

Zama a rumfa

Abu na farko da ya yi shi ne ya mayar da ranar kasuwa ranar ofis. Yakan shimfiɗa tabarma a rumfar wani amininsa da hantsi, ya zauna har la'asar. A nan ya haɗa wani ɗan kwamiti wanda bai da hatimi bai da takardar kafawa: sarkin kasuwa, da sarkin fawa, da sarkin tasha, da shugaban dillalan bisashe, da wakilin ƴan kabu-kabu, da wakilin ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba, da wata dattijuwa daga cikin masu tuwo-tuwo, da wakilin mai gari, da ardo biyu daga rugagen da ke kewaye. Hujjarsa ita ce, babu baƙon da zai shigo kasuwa ya fita ba tare da ya ratsa hannun ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko dai ya sha mai, ko ya ci abinci, ko ya hau babur, ko ya nemi dillali.

Mun sha halartar wannan zama da na'urar ɗaukar magana a aljihu, kuma sau da yawa yakan roƙe mu mu kashe ta. Abin da ake faɗa a wurin ƙanana ne. Wani ya sayi burodi da taba da katin waya fiye da abin da gida ɗaya ke buƙata. Wani ya cika jarka huɗu da mai ya nufi inda babu gari. Wani saurayin da kowa ya san ba shi da sana'a ya sauya babur. Kowanne shi kaɗai ba laifi ba ne, kuma kansilan yakan ja kunnen mutanensa cewa zato ba shaida ba ne, kada a ɓata sunan ɗan mutane a kan hassada. Amma idan labari uku suka taru a kan mutum ɗaya, to akwai abin dubawa.

Labari ya tafi, suna ya tsaya

Babbar matsalar da ya tarar ita ce tsoro. Mutane na da labari amma ba su kai wa hukuma, saboda sun ga waɗanda suka kai rahoto da rana aka ziyarce su da dare. Wasu kuma na tsoron kada mai kawo labari ya koma wanda ake tuhuma, a yi ta kiransa birgadi yana asarar ranakun kasuwa. Dabarar da ya yi ita ce ya zama shi ne ƙofa. Mai labari ya faɗa masa, shi kuma ya kai wa magajin gari da shugaban jami'an tsaron wurin da bakinsa, ba tare da ya ambaci wanda ya faɗa ba. Ba ya rubuta suna a takarda, ba ya tura irin wannan magana a WhatsApp, inda saƙo ɗaya ke zaga ƙauye goma kafin magariba.

Wannan ya jawo masa hatsari a kansa, domin kowa ya san ta wurinsa magana ke bi. Akwai lokacin da ya daina kwana gidansa na wasu makonni. Amma ya samu abin da ya fi wuya a samu, wato yardar ɓangarori biyu. Jami'an tsaro suka gane cewa idan ya kira ba shirme ba ne, mutanen gari kuma suka gane cewa sirrinsu ba ya fita. Amfanin haka ya bayyana a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan salula a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina har da Jibiya, aka kuma rufe wasu kasuwannin dabbobi a can. A lokacin ne masu neman mai da abinci da layin waya suka ƙara matsowa ta gefenmu, kuma garuruwan da ke da ido a kasuwa su ne suka fara lura.

Littafin dillalai

Abu na biyu ya shafi turken bisashe. Saniyar sata ba ta da amfani ga ɓarawo sai ta zama kuɗi, kuma ba ta zama kuɗi sai ta ratsa kasuwa. Tun kaka da kakanni dillali shi ne mai lamuni: shi ya san mai dabba, shi ke amsa tambaya idan rikici ya taso, don haka ne ma yake cin la'ada. Kansilan ya nemi a mayar da wannan tsohuwar al'ada a rubuce. Aka sayi babban littafi, aka sa wani matashi mai ilimin boko da na allo ya zauna a bakin turke, yana rubuta sunan mai sayarwa da garinsa, da dillalin da ya tsaya masa, da launin dabba da shaidar da ke jikinta, da sunan mai saye. Dabbar da ba dillalin da ya yarda ya tsaya mata ba ta shiga ciniki.

Ba a karɓi wannan da daɗi ba. Wasu dillalan sun ce ana so a kore musu baƙi zuwa kasuwar gaba, kuma gaskiya ne an yi makonni turken bai cika ba. Wasu mahauta da suka saba samun nama mai araha su ma suka yi ta guna-guni. Abin da ya juya ra'ayin mutane shi ne ranar da wani mai saye na gaskiya ya faɗa hannun hukuma a hanya da saniyar da aka ce ta sata ce. Littafin nan ne ya fitar da shi, domin an ga wanda ya sayar masa da dillalin da ya tsaya. Daga ranar masu saye da kansu suka riƙa neman a rubuta.

Kuɗin tikiti

Abu na uku shi ne wanda ya shafi kujerarsa kai tsaye. Kowace ranar kasuwa ana yanka wa mai rumfa da mai tebur da mai dabba tikiti, kuma tambayar da ƴan kasuwa ke yi kullum ita ce ina kuɗin ke tafiya. A zaman kasafin kuɗi ya tsaya kai da fata sai an ware wani kaso na harajin kasuwar domin kasuwar kanta: fitilu masu aiki da hasken rana a tasha da bakin turke da layin masu shaguna, da ɗan abin hannu na wata-wata ga masu gadin dare, da tocila da usur. Bai samu duk abin da ya nema ba, domin asusun kwamin na karkara ba shi da ƙarfi, ga bashin ma'aikata. Amma abin da aka samu ya sa an karanta shi a rediyo, dala bayan dala, don mai biyan tikiti ya ji inda kuɗinsa ya shiga.

Haka nan kwamitin ya daidaita da direbobi cewa motocin ƙauyukan da ke kusa da daji su tashi tare tun rana na sama, maimakon kowa ya jira sai ya cika. An kuma yi ta jan hankalin masu manyan ciniki su daina ƙirga kuɗi a fili, su yi amfani da gidajen tura kuɗi inda akwai su.

Maganar bindiga

Inda ya fi shan suka shi ne a kan makamai. Bayan kowane hari matasa kan taso su ce a yi karo-karo a sayi bindigogi kamar yadda ƴan sa-kai suka yi a wancan gefe. Shi kuwa ya ƙi, kuma bai ɓoye ƙin nasa ba. Yakan ce su dubi abin da ya biyo baya a Zamfara, inda kisan da ake yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya zama ramuwar gayya da ta cinye ƙauyuka, har hukumomin can suka haramta ƴan sa-kai, daga baya kuma jihar Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka kafa rundunonin tsaron al'umma da ke ƙarƙashin gwamnati. Yakan kuma tuna wa dattawa abin da ya faru a Toda cikin 1991, a nan jihar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A ganinsa aikin mai gadin gari shi ne ya gani, ya busa usur, ya kira. Kamawa da tuhuma da hukunci na hukuma ne.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ya dage sai ardo sun zauna a kwamiti. Makiyayi shi ne wanda aka fi sace wa dukiya, shi ne kuma wanda ya fi kowa sanin sawun da ya ratsa daji. Idan aka mayar da kowane Bafulatani abin zargi, an rufe idon da ya fi gani, an kuma tura ƴaƴansa hannun masu neman mabiya. Don haka rikicin ɓarnar gona da toshe burtali ma yakan tura shi wurin hukumar filaye ta kwamin da mai gari tun yana ƙarami, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tsara.

Mun ga ranar da aka gwada shi. An kama wani yaro da wayar sata a tsakiyar kasuwa, jama'a suka taru, har wani ya tafi neman taya da mai. Kansilan ya ratsa taron ya riƙe hannun yaron, ya shigar da shi shagon wani ya tsaya a ƙofa har jami'ai suka iso. An jefe shi da baƙar magana, wasu suka ce yana kare ɓarayi. Yaron dai ɓarawo ne, kuma kotu ta ɗaure shi. Amma da an ƙone shi a ranar, da waɗanda suka kunna wutar ne za su kwana a kurkuku, kasuwar kuma ta ɗauki sunan da baƙi za su guje ta.

Abin da bai iya ba

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba mu zo nan don yabon mutum ba. A zamaninsa ma an shiga ƙauyuka an ɗauki mutane, an sayar da gonaki da shanu an biya kuɗin fansa. Masu sukarsa na cewa usur ba ya tare harsashi, kuma wanda aka kashe wa ɗa ba ya jin daɗin wa'azin haƙuri. Wasu na kukan cewa akan kai mutum hannun hukuma, bayan kwana kaɗan a gan shi yana yawo a gari. Amsarsa ita ce alƙali ba ya ɗaure mutum sai da shaida, mu kuma mun ƙi zuwa mu ba da shaida. Wannan ƙulli har ya sauka bai kwance shi ba.

Haka kuma maganar shingayen hanya. Ƴan kasuwa sun sha kawo masa kukan abin da ake karɓa a hannunsu ba tare da rasit ba, a wannan gefe da wancan. Yakan tattara ranar da wurin da adadin ya kai gaba, wani lokaci a ga sauƙi na ɗan lokaci, sannan abu ya dawo. Ya sha faɗa wa manya cewa direban da aka tatsa da safe ba zai kawo labari da yamma ba. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, su ma sun tura fatake da yawa hanyoyin daji, inda ba kwamiti ba fitila.

Abin da ya rage a hannunmu

A watan Afrilun 2024 hukumomin mulkin soja suka rusa majalisun kwamin da na birane da na jihohi, aka naɗa shugabannin riƙo a madadin magadan gari. Kansilan namu ya koma kan buhunan hatsinsa. Abin da muka lura shi ne, ayyukan da suka dogara da kujerarsa sun yi rauni, waɗanda ƴan kasuwa suka riƙe da kansu kuwa suna nan. Littafin turke bai buƙaci zaɓe ba. Tashin motoci tare bai buƙaci kasafin kuɗi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa na Ɗan Isa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Tibiri, da ƴan'uwanmu na Birnin Ƙonni da Matamaye da Magarya, da su dubi kasuwanninsu su amsa wa kansu waɗannan tambayoyi. Idan yau mai shayi ya ga abin da bai gamsu da shi ba, wa zai faɗa wa ya kwana lafiya? Akwai littafi a turkenku? Akwai makiyayi a zamanku? Kun taɓa zuwa ofishin kwamin a ƙungiyance kun tambayi nawa aka tara na tikiti a bara, kuma nawa ya dawo kasuwa? Duk wanda ke riƙe da kwamin, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, da kuɗin tikitinku yake aiki, kuma kuna da haƙƙin tambaya cikin ladabi.

Ranar da aka sake buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi kuma, masu neman kujera za su zo rumfunanku da goro da alkawari. Kada ku tambaye su bindiga nawa za su kawo, domin ba su da ita. Ku tambaye su ranar da za su riƙa zama a kasuwa, da abin da za su yi da sunan wanda ya kawo musu labari.

Allah ya tsare matafiya, ya mayar da waɗanda ke hannun ɓarayi gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Amin.